Garwashin Jego a Sri Petaling

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba zan ambaci na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, ba su kuma ba ni izinin tona su ba.

Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibi ne mai neman digiri na uku a birnin Kuala Lumpur, a kan tallafin karatu na gwamnati. Kafin nan na shafe shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Arewa. Aikin ya koya mini in auna magana kafin in furta ta, in nemi majiya, kada in ɗaga murya ko da labarin na mutuwa ne. An san ni da sanyin hali. Tun da na bar firamare ban ƙara ɗaga hannu na doki wani mahaluki ba. Matata takan ce ko saɓani muke yi sai ka ce kanun labarai nake karanta mata, shi ya sa ta laƙaba mini Mai Labarai, kuma da shi take kirana idan tana cikin nishaɗi.

Muna zaune a unguwar Sri Petaling, a hawa na sha ɗaya na wani dogon bene, gida mai ɗaki biyu da falo. A nan ta sami cikinmu na fari. Haihuwar ta zo kafin lokacinta. 'Ya mace ce, 'yar mitsitsiya, likitoci suka sa ta a kwalba suka ce sai ta yi ƙwari za a ba mu ita. Uwar kuwa aka sallame ta. Kullum da safe nakan kai ta asibiti ta ga jaririyar ta tatsa mata nono, wajen azahar ta dawo gida.

Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, saboda haka Goggonta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ce ta hau jirgi a karon farko a rayuwarta ta zo zaman jego. Ta iso da kanwa, da yaji, da busasshen ganyen wanka, da turaren wuta, da kaskon ƙasa naɗe a cikin zane. Mutuniyar ƙasar Zazzau ce, kuma a ƙauyensu mai jego a kan gadon ƙasa take kwana, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ranar da ta sauka ta zagaya gidan ba takalmi, ta ji sanyin tayil a tafin ƙafarta, ta dubi na'urar sanyaya ɗaki, ta dubi ruwan da ke zuba kowace la'asar, ta ce wannan ƙasa ruwa ce zalla, in aka yi sake sanyi zai shige yarinyar nan ya zauna mata a ƙashi har tsufa. Na ce mata ai garin nan zafi ne yake damun mutane. Ta ce zafin gari daban, zafin da mai jego take buƙata daban, kuma namiji ba ya sa baki a maganar jego ko da ya haɗiye littattafan duniya. Muka yi dariya gaba ɗaya. A raina ma ina godiya da Allah ya kawo mana babba a ƙasar da ba mu da kowa.

Mai gidan da muke haya, wani dattijo ɗan ƙasar, ya sa na'urori biyu tun kafin mu tare. Ɗaya fara ce zagayayya, a manne da silin a lungun da ke tsakanin ɗakuna. Ɗayar kuma tana jikin bangon ɗakin kwananmu. Ranar da ya miƙa mini makulli ya tsaya ya yi mini bayaninsu, ni kuwa ina gyaɗa kai ina duba waya. Abin da na riƙe kawai shi ne na'urorin gobara ne. Ranar farko da Goggo ta zuba turare a kasko, ta silin ta tsandara ƙara. Goggo ta dafe ƙirji tana salati, ta ce wane irin gida ne wannan da ba ya son ƙamshi. Na yi abin da na sha gani a gidajen 'yan'uwanmu ɗalibai, wanda ma mukan mai da shi abin dariya: na hau kujera na rufe ta da leda na ɗaure da roba. Bayan kwana kaɗan wani maƙwabcinmu, dogon mutum ɗan asalin Indiya, ya kai ƙara ofishin masu kula da benen cewa ƙamshin yana cika musu baranda. Aka gargaɗe ni. Daga ranar muka fara rufe tagogi, muna toshe ƙarƙashin ƙofa da tawul.

Goggo ta nemi gawayi, ba na turare kaɗai ba, na ɗumama ɗaki. Na sayo mata a kedai, wato shagon unguwa, irin na ɓawon kwakwa da masu gasa tsiren ƙasar suke amfani da shi, na haɗo da ƙaramin murhun ƙarfe. Ta yaba shi ƙwarai, ta ce ba ya tartsatsi kuma yana daɗewa. Takan hura shi a wurin shanya, ta jira sai ya yi jawur hayaƙi ya ƙare, sannan ta ɗauka ta kai ɗaki ta ajiye a gefen gado, ta ja ƙofa. Ta ce hayaƙin ɗanyen gawayi ne yake sa ciwon kai, garwashin da ya nuna ba ya cutar da kowa. Ban yi mata musu ba, don ni ma haka na tashi na ga ana yi a gidanmu. Abin da ban lissafa ba shi ne irin ɗakin. A gida ƙofa labule ne, taga ta katako ce, tsakanin bango da rufi iska tana ratsawa. Wannan ɗakin kuwa tagarsa gilashi ce mai bakin roba, an gina shi ne musamman don kada iskar ciki ta fita.

Ba a jima ba matata ta fara kukan ciwon kai. Sai tashin zuciya, sai kasala, sai jiri idan ta miƙe. Amma da safe, da mun isa asibiti ta zauna kusa da kwalbar 'yarta, sai ta warware, har ta riƙa tsokanata. An gwada jininta bai hau ba. Da ta dawo gida aka yi wanka ta kwanta a ɗakin, sai jikin ya sake mutuwa. Goggo ma kanta yana sarawa, ta ce gajiyar jirgi ce da rashin goro mai kyau. Ni na ce wahalar haihuwa ce da tunanin jaririya. Goggo ta ce in lura da kyau: yarinya lafiya lau a waje, da ta shigo gidan nan sai ta kwanta, ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, gidan yana da masu shi. Mu duka biyun mun ga alamar, ƙuru-ƙuru. Ita ta ba ta fassarar da ta sani, ni kuwa na ƙi ba ta ko wace fassara.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci raina a ɓace, domin da safen malamin da ke duba aikina ya watsar mini da babi guda da na yi watanni ina rubutawa. Tun daga bakin lif, na'urar da ke hawa da mutane saman bene, na jiyo ƙarar. Na'urar bangon ce take kuka, fitilarta tana walƙiya ja. Matata ta dafe kai da hannu biyu tana hawaye, tana roƙo a kashe mata wannan abu. Goggo ta ce ai kwanakin nan haka take yi idan ba na nan, in an buɗe ƙofa ta yi shiru, in an rufe ta dasa. Na tsaya a tsakar ɗakin na duba. Babu hayaƙi ko na sigari. Garwashi yana nan jawur, tas da shi. Sai na yi lissafi irin nawa: na'urar gobara ce, babu wuta, babu hayaƙi, ashe ta lalace. Na danna maɓallinta ta yi shiru, can ta sake farawa. Na nemi in cire batir, na ga a rufe yake ciki. Na shiga kicin na ɗauko 'yar taɓaryar da Goggo take daka yaji, na maka mata. Ta faɗo ƙasa tana ci gaba da ƙara, na bi ta ina duka, har bayan ta yi shiru ban daina ba, sai da ta zama ɓaraguzai a kan tayil. Matata ta ɗago ta dube ni ta ce yau kuma Mai Labarai ne da taɓarya. Goggo ta sa mini albarka ta share wurin.

Washegari Asabar aka wayi gari da ruwa, bai kuma tsagaita ba. A asibiti aka gaya mana jaririyar ba ta sha nono sosai ba, matata ta dawo tana kuka. Goggo ta yi mata wanka, ta ce yau sanyin ya fi na kullum, ta cika murhu ta cika kasko ta shigar da su duka biyun. Ina falo ina gyaran rubutuna. Wajen la'asar Goggo ta kira ni da wata irin murya. Na sami matata zaune a bakin gado, ido a buɗe amma ba ta ganin kowa, ta yi amai a zanenta, maganarta tana ja kamar harshen ya yi mata nauyi. Tana kiran mahaifiyarta da ta rasu. Na kira ta, ta dube ni ta tambaye ni wane ne. Goggo ta ce ga shi nan, sun bayyana. Na ɗauki waya zan kira mota mu tafi asibiti. Goggo ta riƙe hannuna ta ce likita ba ya ganin iska, allura ma haukatar da mai iska take yi, in ina son matata in nemo mai karatu. Wayar tana hannuna. Na bar lambar mota na kira wani abokina ɗalibi, mahaddacin Alƙur'ani da ke benen kusa da namu, wanda muke ce wa Ustaz.

Ya iso jiƙe sharkaf. Na buɗe masa, na mayar da ƙofar ƙarfe mai sanduna da ke gaban ta katako na datse ta da kwaɗo, kamar yadda kowa yake yi a gidajen nan, na jefa makullan a aljihun rigata. Da ya leƙa ɗakin ya ja da baya, ya ce wurin ya yi zafi da yawa, a buɗe taga, ya kuma tambaya ko likita ya gan ta. Goggo ta ce ba a buɗe wa mai jego taga ana ruwa. Ni kuma na ce ya fara karatun tukuna, in ta natsu sai mu tafi. Ya shiga. Na rufe ƙofa, na mayar da tawul. Saboda zafi na tuɓe rigar na rataye ta a jikin gado.

Ustaz ya fara karatu. Goggo ta watsa habbatus-sauda a kan garwashi. Ba a daɗe ba jikin matata ya ɗauki karkarwa, ta sandare, ta fara fizga. Goggo ta ce in danne ta. Na danne ta. Ƙeyarta ta daki bakina, na ji ɗanɗanon jini. Kaina yana bugawa kamar ana sara shi da gatari. Muryar Ustaz ta fara sarƙewa, mutumin da ban taɓa jin ya yi tuntuɓe a karatu ba ya riƙa maimaita aya ɗaya, sai ya sulale jikin bango ya zube yana amai. Goggo ta fasa ihu ta ce sun kayar da malamin. A nan tsorona ya juye ya zama wani abu dabam. Na ɗaga hannu na mari matata. Na gaya wa kaina ba ita nake mari ba, wanda ke jikinta ne. Na ƙara, na ƙara, ina daka tsawa ina cewa ya fita. Goggo ta fizgo wayar caja tana zabga mata a baya da cinyoyi, tana kuka tana kiran sunanta. Daga ƙasa na ji Ustaz ya ce, "Kada ka doke ta. Ku buɗe ƙofar nan." Na ji shi sarai. Hannunta na hagu ya kuɓuce mini yana dukan iska, sai na kama shi na ɗora a kan ƙarfen gefen gado na hau da gwiwa. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ba ta yi ƙara ba.

Ƙafarta ce ta shuri murhun. Garwashi ya tarwatse a kan katifa, da gindin labule, da zanen Goggo. Katifar soso ba ta jira, nan take ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Na'urar silin tana can a waje cikin ledar da na ɗaure ta, shiru. Na yunƙura in miƙe, ƙafafuna suka ƙi. Goggo tana birgima a ƙasa wuta tana cin zanenta. Ustaz ne ya ja ciki ya janye tawul ya buɗe ƙofar ɗakin, ya ci gaba da rarrafe har ƙofar gida, ya buɗe ta katakon, ya tarar da ta ƙarfen a datse. Ya kwanta a nan ya zura hannu ta tsakanin sanduna yana bugawa. Hayaƙin ya bi ta kansa ya fita baranda, ya sami na'urar masu benen, wadda hannun ɗan haya ba ya kai wa gare ta. Ƙararrawar ginin gaba ɗaya ta ɗauka.

Na jawo matata a ƙasa har falo, kuma har yau ban san da wane hannun na ja ta ba. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa suna ihu da harsuna uku, suna tambayar makulli. Makulli yana aljihun rigar da ke ci da wuta. Dogon maƙwabcin nan da ya kai ƙararmu ne ya kawo guduma ya fasa kwaɗon. Wasu suka wuce ɗakin da tulun kashe gobara, suka fito da Goggo. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauki matata. Ɗaurin ƙirji ne kawai a jikinta, shi ma ya zame. Abin da idona ya nuna mini shi ne baƙon namiji ya rungumi matata ba sutura. Ƙafafun da suka ƙi ɗaukata ɗazu suka ɗauke ni. Na kai masa naushi a fuska, hancinsa ya fashe, na cije shi a kafaɗa ina jan sa. Jini yana zuba a rigarsa, amma bai sake ta ba, ya juya mini baya ya kare ta da jikinsa ya nufi matakala. Wani ya buga mini wani abu mai nauyi a ƙeya. Na farfaɗo ne a ƙasan benen, an rufe mini hanci da robar iska, 'yan kwana-kwana, waɗanda a nan ake kira bomba, suna ta kai da kawo.

A asibiti aka ɗebi jininmu mu huɗu. Likitar da ta zo mini da sakamakon ta ce dukanmu mun shaƙi guba mai suna kabon monoksayid. Ta ce iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari, tana fita daga duk gawayin da ke ci, har wanda ya yi jawur ba hayaƙi, kuma a rufaffen ɗaki taruwa take yi. Idan ta shiga jini sai ta kore iskar da jiki ke rayuwa da ita ta zauna a gurbinta. Ciwon kan, da aman, da ruɗewar, da fizgar, da faɗuwar Ustaz, duk aikinta ne. Ta ce da wutar ba ta tashi an buɗe ƙofa ba, da gawa huɗu za a tarar. Ta tambaya ko babu na'urar gargaɗi a gidan. Na gaya mata abin da na yi wa kowace ɗaya. Ta rubuta, ba ta ɗago ba. Sannan ta ajiye biro ta ce gubar ba ta karya hannu, ba ta kuma barin shatin waya a bayan mutum, saboda haka 'yan sanda suna jirana a waje. Na faɗa musu komai yadda ya faru. Maganar hukuma ta ɗauki lokaci, ba kuma ita na zo bayarwa ba.

Mai gidan ya zo duba mu. A bakinsa na ji, karo na biyu, bayanin da ya yi mini ranar da ya ba ni makulli: ta silin hayaƙi take ji, ta bangon kuwa wannan gubar take ji, shi ya sa take kuka babu hayaƙi. Ba ta lalace ba. Maƙwabcin nan ma ya zo, da filasta a hanci. Ya ƙi shigar da ƙara a kaina. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko matar ta farka. Na kasa duban fuskarsa.

Ba ta farka ba a lokacin. Ta yi kwanaki a kwance da bututu a baki, fuska a kumbure da shatin yatsuna, hannun da ya karye an haɗa shi da ƙarfe. 'Yarmu tana wani hawa na asibitin a kwalbarta, ana ba ta madarar gwangwani. Ina hawa ina sauka tsakaninsu. Goggo ta ƙone a ƙafafu biyu, sai da aka yi mata dashen fata. Da ta iya takawa ta koma gida. Na ji ba ta ƙara yi wa kowa zaman jego ba, kuma har yau in mun gaisa ta waya ba ma taɓo maganar. Ustaz ya warke da wuri. Ya ce mini abin da ke cin ransa shi ne da ya ji zafin ɗakin a bakin ƙofa bai kafe ba, don kunyar babba. Ya ce karatun Alƙur'ani bai taɓa hana buɗe taga ba, bai hana zuwa asibiti ba, kuma babu inda aka ce duka yana cikin ruƙiyya.

Ranar da ta buɗe ido ta gane ni, na ɗauka an gama. Muka karɓi jaririyar, muka koma wani gida a unguwar Sentul. Bayan 'yan makonni sai mantuwa ta soma. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta shayar da yarinya, can ta tambaye ni ko ta shayar da ita. Hannun dama yana rawa, na hagu bai miƙe daidai ba. Likitoci suka ce gubar takan bar irin wannan a ƙwaƙwalwa, wani ya warware, wani ya rage. Nata ya yi sauƙi, bai tafi ba. 'Yarmu har ta fara zama uwarta ba ta taɓa ɗaukarta ita kaɗai a tsaye ba, sai in tana zaune na ɗora mata ita a cinya. Ranar Asabar ɗin nan kuwa babu ita a kanta sam.

Wata rana da hantsi tana shafa mai a tabon hannun, ta dube ni ta ce, "Mai Labarai, wai faɗuwa na yi?"

Da na ce e, da shi ke nan. Goggo ba za ta faɗa ba, Ustaz ba zai faɗa ba. Na zauna a gabanta na ba ta labarin daga ledar har gwiwata. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi hannun, sannan ta tambaye ni ko ita na'urar ta yi kuka kafin abin ya faru. Na ce ta yi, kwana da kwanaki.

Ta ce, "Ashe ita ta ji tausayina."

Ba ta nemi in sake ta ba, ko da yake na gaya mata tana da wannan haƙƙin. Amma maganar ba ta zauna a kanta ba. Bayan wasu watanni ta sake yi mini tambayar, da fuska a sake, kamar ba mu taɓa yi ba. Na sake faɗa mata. Ta sake yi kuma bayan nan. Kowane karo sabon ji ne a wurinta, kuma kowane karo ina kallon yadda fuskar take sauyawa. Na yi wa kaina alkawarin ba za ta taɓa jin ƙarya daga bakina a kan wannan ba.

'Yan'uwa da yawa sun ba ni mafita. Sun ce gubar tana juyar da hankali, ba ni ne na yi dukan ba. Wataƙila akwai gaskiya a ciki game da ranar Asabar, ko da yake kunnena ya ji Ustaz. Amma ranar Juma'a daga waje na shigo, da iska mai kyau a ƙirjina, na ɗauki taɓarya. Ledar ma da hankalina na ɗaura ta. Ban ɗora wa Goggo laifi ba. Ta kawo abin da ta gada daga ɗakunan da iska ke ratsawa, ta yi shi don ƙauna, ba ta san ɗakin ba. Ni ne na san ɗakin, ni aka yi wa bayani, ni ne na iya karanta abin da ke rubuce a jikin na'urar.

Ina kira ga 'yan'uwana da ke karatu ko kasuwanci a ƙasashen waje, da na gida masu sababbin gine-gine masu tagogin gilashi. Kada garwashi ya zauna a rufaffen ɗaki, na jego ne ko na turare ko na gashin nama, ya nuna ko bai nuna ba. Haka janareto a lungun gida. Idan mutanen gida suna ciwon kai da amai tare, suna warwarewa in sun fita, a fitar da kowa waje a nufi asibiti, addu'a kuwa a yi ta a kan hanya. Na'urar hayaƙi daban, ta gubar iska daban, ɗaya ba ta yin aikin ɗaya, a nemi duka biyun a sa su kusa da inda ake kwana, a riƙa danna maɓallinsu lokaci-lokaci don a tabbatar suna da rai. Makullin ƙofar ƙarfe ya zauna kusa da ƙofar, inda mai rarrafe zai kai hannu. Kuma duk wanda ya ce maka a doki marar lafiya don a fitar masa da wani abu, ko waye shi a wurinka, ka ɗauke marar lafiyarka ka fita.

Na san gidaje da yawa a Sri Petaling da Sentul da Titiwangsa da a yanzu haka akwai leda ɗaure a silinsu, don na ci abinci a wasunsu. Magidancin da yake karanta wannan, ka ajiye mujallar ka ɗauko kujera. Ranar da na'urar ta yi kuka kuma ka duba ba ka ga komai ba, to ranar ce ta fi ka gani. Ka buɗe ƙofa, ka kama hannun iyalinka a hankali, ku fita.